Jinyar mai cutar daji: kwana ashirin da ake yi a gida tsakanin allura da allura

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mu yi magana da iyalan da ke jinyar mai cutar daji a gida. Duk 4 ga Fabrairu, ranar da duniya ta ware wa wannan cuta, akan ji alƙaluma: a 2022 kaɗai, mutum kusan miliyan 20 aka gano suna ɗauke da ita, in ji Hukumar Lafiya ta Duniya. Wanda ba ya shiga lissafin shi ne matar da ke riƙe da robar amai da ƙarfe biyun dare, ko ɗan da aka damƙa wa ledar magunguna kala takwas aka ce ya kula, ba tare da kowa ya zaunar da shi ya koya masa ba.

Allurar kemo, wadda likitoci ke kira kemoterafi, yawanci zagaye-zagaye ake yin ta, sau da yawa duk mako uku, wani lokaci duk mako biyu. Mara lafiya ya yi wasu sa'o'i a asibiti ya dawo, sauran kwana ashirin a hannun iyali yake. Kuma kwanakin ba iri ɗaya ba ne. Daga ranar allura zuwa kwana na biyar, tashin zuciya da kasala ne ke damunsa. Tsakanin kwana na 7 da na 14 garkuwar jiki ke yin ƙasa sosai, alhali a ido ya fara warwarewa. A mako na uku ne ƙarfi da son abinci ke dawowa. Gidan da ya gane wannan zai tsara rayuwarsa a kai: baƙi, fita da duk wata hidima a tura su mako na uku, mako na biyu kuwa a ja ƙofa.

Za mu daɗe a kan zazzaɓi, domin nan ne ake asarar ran da bai kamata a rasa ba. A ce yau kwana tara da yin allura. Dare ya raba, Baba ya ce yana jin sanyi, a ƙaro masa bargo. An ɗora bayan hannu a goshinsa, an ji ɗumi kaɗan. Sai wani ya ɓallo farasitamol biyu ya ba shi, a kan mura ce ko zazzaɓin cizon sauro, in gari ya waye a je asibiti. Zafin ya sauka, kowa ya koma barci, ƙwayar cuta kuwa tana can tana bazuwa cikin jini. Dalili shi ne maganin kemo yana kashe duk ƙwayar halittar da ke saurin hayayyafa, ba ya tambaya ta daji ce ko ta ɓargon ƙashi ce, kuma a ɓargo ake ƙera fararen ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta. In sun yi ƙaranci, jiki ba ya iya yin mugunya ko kumburin da zai nuna inda cutar take. Zazzaɓin nan kaɗai ne ƙararrawa, farasitamol kuma ya kashe ta. Cikin 'yan sa'o'i jini na iya faɗuwa, hankali ya gushe.

Saboda haka kayan aiki na farko a gidan mai shan kemo shi ne ma'aunin zafin jiki na batir, ba bayan hannu ba. A auna a ƙarƙashin harshe ko a hammata, kada a taɓa sa shi a dubura. In ya kai digiri 38 na Salsiyas, a kama hanyar asibiti nan take, ko ƙarfe nawa ne. Haka nan in ya sauka ƙasa da 36, ko mutum yana makyarkyata, ko ya rikice, ko ya ce shi dai ba ya jin daidai ko da ma'aunin bai nuna komai ba, musamman mai shan maganin sitirod, wanda ke danne zazzaɓi. Da isa, kalmar farko da za a faɗa wa ma'aikacin da aka tarar ita ce: yana kan kemo, ranar kaza aka yi masa ta ƙarshe. Ƙa'idar da ake bi ita ce a sa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin sa'a guda da isowarsa, ba a bar shi a layi ba. Tun da rana tsaka ake shirya wa irin wannan dare: jaka a ɗaure da kayan kwana biyu, takarda mai sunayen magungunan da ake yi masa, lambar sashen da ke duba shi a manne a bango, kuma an san wanda zai fito da mota in an buga masa waya.

Kariya kuwa ba ta da wuya, naci take so. Wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 kafin a taɓa abincinsa da bayan an fito bayi ya fi duk wani turare da feshi. Mai tari ko mura ya gaishe shi ta waya. In yaro a gidan ya kamu da ƙarambau ko ƙyanda, a sanar da likita ranar, kada a jira a ga ko shi ma zai kamu. In an ɗiga wa jariri rigakafin shan inna a baki, ƙwayar tana fita a kashinsa na wasu makonni, don haka wani ne zai riƙa yi masa tsarki, ya wanke hannu sosai. Kashin dabbobi da na tsuntsaye ma ba aikin mara lafiya ba ne.

Abu na biyu bayan ma'auni shi ne littafin rubutu guda ɗaya, wanda duk mai jinya zai riƙa rubutu a ciki. Layi uku a rana sun isa. Misali: “Laraba, kwana na 4. Zafin jiki 36.8 da safe, 37.1 da dare. Amai sau biyu, ruwa kofi biyar. Kwana biyu ke nan bai yi bayan gida ba. Zafin ciwo 6 cikin 10.” Amfaninsa a gaban likita yake fitowa. Marasa lafiya da yawa, da an tambaye su yaya jiki, sai su ce da sauƙi, ko da sun kwana suna murƙususu, likita kuma ya rubuta abin da ya ji. Littafin ne zai faɗi gaskiya, kuma da shi ake canza maganin amai ko a rage yawan allurar zagaye na gaba. Shafin farko a jera magunguna: suna, yawan da ake sha, lokaci, da abin da kowanne ke yi. An sha samun mutum biyu a gida kowa ya ba da maganin dare, kowa yana zaton ɗan'uwansa bai bayar ba.

Maganin hana amai ba a jira sai amai ya zo. Ana shan sa a kan lokaci tsawon kwanakin da aka rubuta, domin tare amai ya fi tsayar da shi sauƙi, kuma wasu allurai irin su sisfilatin aman nasu yakan sake tasowa bayan kwana ɗaya, ya yi kwanaki. Kowane magani da halinsa. Ondansetiron yana taurara bayan gida. Deksametazon yana hana barci in an sha shi da yamma, yana sa ci da saurin fushi, yana kuma ɗaga sukarin jini, don haka mai ciwon suga ya ƙara yawan awo a waɗannan kwanaki. In Mama, wadda ba a san ta da faɗa ba, ta yi kwana uku tana hantarar kowa bayan allura, a duba ledar magani kafin a yi fushi. Wanda ya yi yini da kwana ko ruwa ba ya zama a cikinsa, ko fitsarinsa ya ragu ya yi duhu, ƙarin ruwa yake buƙata a asibiti, don ƙoda ba ta jure bushewa a kan kemo.

Rigimar da ta fi yawa a gidan jinya a kan abinci ake yin ta. An sha wahala an girka, an cika faranti, ya kai loma biyu ya ture. Mai girki ta ji haushi, shi kuma ya ji ana matsa masa. Ba raini ba ne: maganin yana canza ɗanɗano, nama ya koma kamar ƙarfe a baki, ƙamshin girki kaɗai ya tayar da zuciya. Abin da ke aiki shi ne ɗan kaɗan a ƙaramin faranti, sau biyar ko shida a rana, wanda ya huce, domin mai tururi ya fi tashin ƙamshi. A rufe ƙofar ɗakinsa lokacin girki. Cokalin roba yana rage ɗanɗanon ƙarfe. A fifita abin da ke gina jiki, ƙwai, kifi, wake, madara, nama, ko da cokali uku zai ci. Ranar allura kada a ba shi abincin da ya fi so, don in ya amayar da shi zai iya tsanar sa har bayan an gama magani. Masu cewa a hana shi duk wani abu mai zaƙi ko mai maiƙo wai don cutar ta mutu da yunwa, mara lafiyar suke kashewa da yunwa. A auna nauyinsa sau ɗaya a mako a kan sikeli ɗaya, domin da nauyi da tsawo ake lissafa yawan allura, kuma rama mai sauri abin faɗa wa likita ce. Ruwa kimanin lita biyu a rana, sai in likita ya taƙaita saboda zuciya ko ƙoda. Komai a dafa shi ya nuna sosai. Ban da ɗanyen ƙwai, ban da madarar da ba a tafasa ba, ban da abincin da ya wuce sa'a biyu a ajiye a waje. 'Ya'yan itace a wanke a fere.

Baki yakan fara ciwo bayan kwana biyar zuwa goma, kuma shi ke hana ci fiye da rashin sha'awa. Tun ranar farko a fara goge haƙori da buroshi mai laushi, a kuma riƙa kurkure baki sau huɗu ko fiye a rana da ruwa lita ɗaya da aka zuba wa ƙaramin cokali ɗaya na gishiri da ƙaramin cokali ɗaya na bekin soda. A kurkure a zubar, a haɗa sabo kullum. Ruwan kurkure baki na kwalba mai giya a ciki ƙona gyambon yake yi. In an haska tocila an ga fari-fari kamar guntun madara a harshe da kumatu, wannan naman gwari ne, yana da maganinsa.

Gudawa in ta ƙaru da sau huɗu a rana kan yadda ya saba, ko da jini, ko da zazzaɓi, a kira asibiti. Kafin nan a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ake yi wa sabon maganin nan mai zaburar da garkuwar jiki kada a ba shi maganin tsayar da gudawa da ka, domin tasa gudawar na iya zama kumburin hanji ne, maganinta daban.

Sai zafin ciwo, inda tausayi ke jawo azaba. Iyalai da yawa in an rubuta mofin, maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi, sai su ɓoye kwalbar, wasu don tsoron kada ya zama ɗan ƙwaya, wasu don sun ɗauka alama ce ta an cire rai. Sai su jira har ya fara kuka sannan su ba shi rabi. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa tsarin: ta baki, a kan agogo, mataki-mataki. Mofin na ruwa mai saurin aiki sa'a huɗu yake yi a jiki, shi ya sa ake ba da shi duk sa'a huɗu, kafin ciwon ya dawo, kuma likita kan rubuta ɗan ƙari na lokacin da ciwo ya taso a tsakani. A rubuta duk ƙarin da aka bayar, da shi za a gyara awon. Gyangyaɗi da tashin zuciyar kwanakin farko suna wucewa. Taurin bayan gida ne ba ya wucewa, don haka maganin sassauta ciki tare suke tafiya tun ranar farko, kuma kwana uku ba bayan gida abin kira ne. In ya yi barcin da ake tashinsa da ƙyar, numfashinsa ya yi jinkiri, a dakatar a nemi likita nan take. Kwalbar a kulle ta inda yara ba sa kaiwa. Ibufurofen, dikulofenak da asfirin kuwa kada a saya masa su da ka: kemo yana rage ƙwayoyin da ke daskarar da jini, waɗannan magunguna kuma suna ƙara zubar jini, suna taɓa ƙoda.

Cutar daji ba a ɗaukar ta. A ci tare, a zauna kusa, jikoki su hau cinya. Abin da ake kiyayewa shi ne maganin da ke fita ta fitsari, kashi da amai, aƙalla sa'a 48 bayan allura, wasu magungunan har mako guda. A wannan lokaci mai wanke bayi ko robar amai ya sa safar hannu, a rufe murfin masai a kora ruwa sau biyu, zanin gadon da ya ɓaci a wanke shi shi kaɗai. Mai ciki da mai shayarwa a ɗauke musu wannan aiki. Ma'aurata su yi amfani da kwaroron roba, kuma kada a ɗauki ciki ana cikin magani, ko mijin ne ke sha ko matar. Ƙwayar kemo ta haɗiya ba a farfasa ta, ba a taɓa ta da hannu tsirara, in kuma ya amayar bayan ya sha, ba a maimaitawa sai an tambaya.

Jinyar wanda ake gasa wa wurin cutar da hasken na'ura ta fi sauƙin bayani. Yawanci kullum ake zuwa, kwana biyar a mako, na wasu makonni, kuma tsallake rana yana rage amfaninsa. Wanda aka gasa daga waje ba ya dawowa gida da wani haske a jikinsa da zai cutar da kowa. Kada a goge alamar da aka zana masa a fata. Wurin a wanke da ruwa mai ɗumi kaɗan, a tsane da tawul ba a murza ba, a kare shi daga rana, kada a shafa komai sai abin da aka amince. Ƙunar fatar takan fi tsanani mako ɗaya zuwa biyu bayan an gama, kada a ɗauka wani sabon abu ne.

Akwai abubuwan da ke tayar da hankali alhali ba komai: gashin kai ya fara zuba bayan mako biyu zuwa uku, zai dawo, fitsari ya yi ja kwana ɗaya ko biyu bayan jar allurar nan, doksorubisin. Akwai kuma waɗanda ake rainawa alhali na gaggawa ne. Sabon ciwon baya mai tsanani tare da sanyin ƙafafu ko kasa riƙe fitsari na iya nufin ƙari ya danne laka, kuma jinkirin kwana ɗaya na iya sa mutum ya daina tafiya. Ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya, gudan jini ne ake tsoro. Haɓo in an matse hanci minti goma, kai a sunkuye, bai tsaya ba, sai asibiti. Yatsun da suka yi dindiris har maɓalli ya gagara sawa a faɗa kafin allura ta gaba. Wanda ya kwanta ba ya iya juyawa, a juya shi duk sa'a biyu, a duba ƙugu da dugadugai.

Duk gidan da ake jinya sai an kawo masa magani a ƙulle, kowa da wanda ya warkar da wani. Ba mu zargin niyyar kowa. Amma hanta ɗaya ce ke tace kemo da jiƙon da aka sha, wasu ganyayyakin suna rage ƙarfin allurar, wasu suna ƙara dafinta, hatta ƙwayoyin bitamin masu yawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: duk abin da yake sha a kai wa likita ya gani. Haka kuma a bambance tsakanin ɗage allura da daina ta. Likita ya ce ƙwayoyin jini ba su koma daidai ba a dawo mako mai zuwa, wannan daidai ne. Iyali su ga ƙarin ya motse bayan zagaye uku cikin shida su ce ya warke, wannan ne ke dawo da cutar da ƙarfinta.

Yara suna gane akwai matsala tun kafin a faɗa musu, abin da suke ƙirƙira a ransu kuma ya fi gaskiyar muni. A faɗa musu sunan cutar daidai hankalinsu, a ce ba laifinsu ba ne, ba za su ɗauka ba, kuma gashin Mama zai zube saboda magani. Makaranta da lokacin barci su ci gaba yadda suke. A ba su ɗan aiki, kamar cika mata kwalbar ruwa, amma kada a mayar da 'yar shekara goma sha biyu nas. Shi ma mara lafiyar kada a riƙa ƙus-ƙus a bayan ƙofa a kansa. A tambaye shi iya abin da yake son sani, a bar masa yanke shawarar jikinsa, kuma ranar da yake da ƙarfi a bar shi ya yi abin da ya saba. Tattaki na minti goma zuwa ashirin yana rage kasala fiye da yini a kwance.

Jinyar nan watanni take ɗauka, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Abin da aka saba gani shi ne makon farko gida ya cika, zuwa wata na biyu an bar mutum ɗaya da komai. A zauna tun farko a raba aiki da suna da rana: wane ne na kai wa asibiti, wane ne na kwanan dare, wane ne na riƙe takardu da lissafin kuɗi, wane ne na amsa waya don kada mara lafiya ya maimaita labari sau ashirin. Mai cewa in ana buƙatar wani abu a gaya masa, a gaya masa a take: ɗauko yara daga makaranta ranar Talata. Babban mai jinya ya samu aƙalla dare biyu a mako na cikakken barci, kada kuma ya bar nasa maganin hawan jini ko na suga. In ya yi mako biyu ba barci, ba ci, kuka na zuwar masa ba dalili, shi ma ya ga likita.

Roƙonmu ga asibitoci guda ɗaya ne, kuma bai fi ƙarfin kowa ba. Kada a sallami mutum bayan allurar farko sai an ba iyalinsa takarda ɗaya cikin harshen da suke karantawa, mai ɗauke da sunayen magungunan da aka yi masa, kwanakin da garkuwarsa za ta yi ƙasa, lambar nan 38 da manyan baƙi, da lambar wayar da in an buga da tsakar dare za a ɗauka.

Mun gode da ba mu fili.

Daga wasu ma'aikatan jinya masu kula da masu cutar daji.